Maye a Cikin Mota Mai Tashi: Raddi Ga Masu Sukar Fray



Tun bayan sallar layya ba a sha shayi lafiya ba a teburinmu na bakin Gare, nan Parakou. Abin da ya jawo kuwa wani littafin zane ne guda ɗaya, wanda wani ƙanenmu ɗalibin jami'a ya sayo a wurin masu tsofaffin littattafai a Kwatano, bangonsa duk ya koɗe. Sunan littafin Fray. Ya zaga hannu bakwai ko takwas, mai jin Ingilishi yana karanta wa wanda Faransanci kaɗai ya iya, har wani yayanmu mai harkar goro ya tafi da shi Djougou ya yi mako biyu, ya dawo mana da shi da tabon miya. Duk wanda ya karanta sai ya dawo da fatawarsa. Ni dai na daɗe ina sauraro ban ce uffan ba. Yau na ɗauki alƙalami, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri. Wanda kuma bai karanta littafin ba ya yafe mini, don zan tona ƙarshen labarin, hujjata ba ta tsayuwa sai da shi.

Ga wanda bai san tushen zancen ba, daga 1997 zuwa 2003 an yi wani shirin talabijin a Amurka mai suna Buffy the Vampire Slayer, zango bakwai, kashi 144. Labarin wata yarinya ce 'yar makaranta da aka zaɓa ta riƙa kashe mashaya jini, wato gawarwakin nan da ke tashi da dare su ciji wuyan mutum su tsotse shi, waɗanda Turawa ke kira bamfaya. Tun shirin yana tafiya mai shi, Joss Whedon, ya rubuta Fray, Karl Moline ya zana, kamfanin Dark Horse ya buga shi a ƙananan littattafai 8 tsakanin 2001 da 2003. Sai ya ɗauki duniyar Buffy ya cilla ta gaba da fiye da shekara 200. Unguwar Manhattan ta birnin New York ta koma Haddyn. Masu kuɗi suna can sama cikin dogayen benaye, motocinsu na tashi kamar shaho, talakawa kuma suna ƙasa cikin duhu da ƙazanta, gubar da ta cika duniya ta jirkita halittar da yawa daga cikinsu. Tauraruwar labarin, Melaka Fray, ɓarauniya ce, tana yi wa wani uban daba mai siffar kifi aiki, Gunther, wanda ke zaune cikin tankin ruwa. Mutanen zamanin sun manta da sunan mashaya jini, suna kiransu da wata kalma mai ma'anar masu laɓe, suna ɗaukarsu 'yan ƙwaya ne ko wasu marasa lafiya. Ana nan sai wani dodo mai ƙaho, Urkonn, ya zo ya gaya wa Melaka cewa ita ce magajiyar aikin Buffy.

Masu sukar littafin a teburinmu sun kasu uku. Biyun farko ba su da wuyar amsawa. Na ukun ne ya sa ni wannan rubutu.

Kashi na farko su ne tsofaffin masoya Buffy, waɗanda suka kalli shirin a faifai tun ana hayar faifai. Su cewa suke yi wannan reshe ne kawai, kasuwanci ne, an ga shiri ya karɓu sai aka tatso masa littafi don a kwashi kuɗin magoya baya. Asalin labari a wurinsu shi ne abin da aka gani a talabijin, sauran duk cikon benci ne. Ɗaya daga cikinsu ma ya ƙara da cewa mutum da gemunsa ba ya zama yana kallon zane kamar ɗan lakwal.

Malam, ka tuna makamin nan ja, mai bakin gatari da gindin itace mai tsini, wanda Buffy ta zaro daga dutse a ƙarshen zango na bakwai, wanda da shi aka ci yaƙin ƙarshe? A hannun Melaka Fray aka fara ganinsa, a kan takarda, kafin ya shiga talabijin. Ashe ke nan uwar ce ta ari zane a wurin 'yar. To wane ne asali, wane ne reshe? Ban musa cewa akwai littattafan zane da ake tatsowa daga fina-finai don kuɗi kawai ba, suna da yawa. Ko ci gaban Buffy da Dark Horse ya buga daga 2007 zuwa 2011, littafi 40, ya sha suka wurin masoyansa, don da marubutan suka ga takarda ba ta cin kuɗin da kyamara ke ci sai suka saki linzami, har suka mayar da ƙanwar Buffy ƙatuwa mai tsawon bene. Amma wannan hukunci ne a kan littafi guda bayan an karanta shi. Yanke wa littafi hukunci saboda ta ƙofar da ya shigo kuwa, wannan mun san shi. Haka aka yi wa littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990, aka laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, ga shi yau ana rubuta kundin digiri a kansu. Batun gemu kuwa, wanda ya faɗi maganar na san shi tun muna yara, tare muka yi ta musayar Zembla da Blek da Kouakou a bayan aji, kuma rabin Faransancin da yake taƙama da shi yau a cikinsu ya tsince shi.

Kashi na biyu su ne samarinmu 'yan kimiyya. Su abin da ya dame su haɗin ne. Suka ce labarin kimiyya daban, labarin tsafi daban. In za a yi mota mai tashi a yi ta, in za a yi gawa mai shan jini a yi ta, amma haɗa su a tukunya ɗaya kwaɗon da ba ya ciwuwa ne, raina hankalin mai karatu ne.

Ƙannena, ku koma tarihi. A shekarar 1816 wasu Turawan Ingila suka taru a wani gida a bakin tafkin Janiba, ruwan sama ya hana su fita, sai mawaƙin nan Lord Byron ya ce kowa ya ƙago labarin ban tsoro. Daga wannan zama Mary Shelley ta fito da Frankenstein, wanda aka buga a 1818, wanda masana da yawa ke ƙirgawa a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko. Daga wannan zaman dai likitan Byron, John Polidori, ya fito da The Vampyre, aka buga a 1819, shi ne ya buɗe wa labarin bamfaya ƙofa a rubutun zube na Ingilishi. Hasan da Husaini ne, gida ɗaya aka haife su. Ku ɗauki Dracula na Bram Stoker, 1897. A cikinsa likitoci suna ƙara wa yarinyar da aka ciza jini har sau huɗu daga jikin maza huɗu, tun kafin Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a 1901, ana ɗaukar murya a na'ura, ana buga wayar tangaraho. A 1954 Richard Matheson ya rubuta I Am Legend, inda jarumin ya sa jinin mashaya jini a ƙarƙashin madubin likita ya gano ƙwayar cuta ce ke jawo abin. Katangar da kuke son ginawa ba a taɓa gina ta ba.

Mu ma a gida haka ne. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, inda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi sararin samaniya. Duk wanda ya tashi da Ruwan Bagaja da Ganɗoki ya san cewa wannan baƙo ɗan uwan aljanun tatsuniya ne da aka sauya wa riga aka ba shi kumbo. Ba wanda ya ce Dembo ya raina hankalinsa.

Sai kashi na uku, wato yayanmu mai goro da masu ra'ayinsa. Shi bai ƙi labarin ba, ya ma ce ya ji daɗinsa. Abin da ya ce shi ne: me ya kai mu ga mayun Turawa alhali muna da namu? Bamfaya ai maye ne da ya je lakwal. Mu da muka san ƙanƙarar maita, muka san kamun kurwa, muka san Sarkin Mayu, muka iya cewa kurwata kur tun muna goye, me Bature zai koya mana? Marubutanmu su rubuta labarin maye na gaske, tsohuwar nan ta bayan layi mai jan ido, su zana ta yadda kowa zai gane ta, a ga ko Fray zai yi kasuwa. Teburi ya ɗauki tafi.

Yaya, da girmanka, a nan ne na rabu da kai, kuma rabuwar ba ta wasa ba ce.

Ba a taɓa fasa gidan kowa a London don an karanta Dracula ba a zamaninmu. Yaron da ya rufe Fray ba ya fita ya nemi mai laɓe a unguwarsu. Amma tsohuwar bayan layi tana nan da ranta, tana da ƙofa, ana iya zuwa a buga. Duk wanda ya girma a Zango, ko na Parakou ko na Djougou ko na Kumasi, ya san yadda abin ke tafiya. Zazzaɓi ya kama yaro, ya hau masa kai, ya fara sambatu, ya ambaci sunan wata. Kafin a kai shi asibiti an cika ƙofar gidanta, a jawo ta a ce sai ta tsallake shi ta saki kurwarsa, wani lokaci har a tuɓe ta a gaban jikokinta. In yaron ya tashi a ce ta sake shi, in ya mutu a ce ta cinye shi. Ta kowace fuska ba ta da mafita, kuma tabon ya bi 'ya'yanta mata har ɗakin aure, don an ce maita gado ce. Ni da idona na ga an yi wa wata mai sayar da ƙosai haka ina yaro. Yaron ya warke bayan an yi masa allurar zazzaɓin cizon sauro, ita kuwa ba wanda ya sake sayen ƙosanta har ta tattara ta bar garin.

Wannan ma da sauƙi. A watan Yulin 2020, a garin Kafaba kusa da Salaga a ƙasar Gana, wato a ƙarshen tsohuwar hanyar goron nan da kakanninmu fatake suka bi ta Djougou zuwa Gwanja, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, dukan da ya kashe ta da rana tsaka bisa zargin maita, mutane na tsaye suna ɗauka a waya. A Gambaga har yau akwai sansanin matan da aka kora daga garuruwansu da wannan zargi. Mu ma nan arewacin Benin ba mu da bakin yi wa Gana gori. An daɗe ana yaƙi da al'adar da ke wasu ƙauyuka, inda jaririn da ya fito ta ƙafa, ko wanda haƙoransa na sama suka riga na ƙasa tsirowa, ake ce masa maye, a jefar da shi ko a kashe shi. Malaman addini da ƙungiyoyi sun sha faɗa a kai, gwamnati ta yi dokar kare yara a 2015. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba, haka muke cewa. To uwar da aka raba da jaririnta saboda haƙori fa, ita wa zai tuna da ita?

Yanzu ku dubi abin da Fray ya yi da irin wannan tsoro. A unguwar Melaka akwai wata ƙaramar yarinya, Loo, hannunta ɗaya, idonta ɗaya ya mutu, irin yaran da gubar zamani ta naƙasa. A wasu wuraren da na ambata, ita za a fara nunawa da yatsa. A littafin ita ce abar ƙaunar Melaka, ita ce mai surutu da dariya, kuma ita aka kashe. Wa ya kashe ta? Kowa ya ɗauka mashaya jini ne. A ƙarshe Melaka ta gano Urkonn ne, malamin nata, wanda ya zo yana cewa shi ya san mugu kuma shi zai nuna mata shi. Ya kashe yarinyar ne don ya tunzura ta ta shiga yaƙi. Shugaban mashaya jinin kuwa ba baƙo ba ne, Harth ne, tagwaicinta, wanda ta ja zuwa sata suna yara har aka kama shi a gabanta, ta rayu tana ganin laifinta ne. Yayarsu Erin kuma 'yar sanda ce da ta daɗe tana ɗora mata wannan laifi. Masu benaye a sama ba su taɓa leƙowa ba, don wanda ake tsotsa a ƙasa ba nasu ba ne.

Wannan labari ya ɗauki duk abin da ke cikin tsoron maita, wato cewa mai cin ka na kusa da kai ne, cewa dare ba shi da amana, cewa yara ake fara ci, ya zuba shi a wata duniya mai nisan shekara 200 inda ba maƙwabciyar da za a je a buga wa ƙofa. Sannan ya juyo da tambayar kan mai nuna yatsa: kai da ka ce ka san maye, me za ka samu in mun yarda da kai? Mota mai tashin da 'yan kimiyyarmu ke ƙorafi a kanta, aikinta ke nan. Ita ce ta nisanta labarin har mai karatu ya iya kallon tsoronsa ba tare da ya ɗauki sanda ba.

Kada a ce na mai da littafin Alƙur'ani. Yana da aibu. Yaƙin ƙarshe an yi shi a gurguje. Ingilishin da aka ƙago wa mutanen Haddyn yana wahalar da wanda ya koyi harshen a aji. Shigar da aka yi wa Melaka a wasu shafuka ba wadda zan so 'yata ta kwaikwaya ba ce, akwai jini da yawa, ba littafin ƙananan yara ba ne. Dodanninsa da lahirarsa kuma ƙage ne na marubuci, ba aƙida ba ce, wanda ya karanta Ganɗoki bai koma bautar aljanu ba ya san bambancin.

Kuma rigar kimiyya ita ma tana da nata haɗarin, wannan gargaɗi ne ga marubutanmu. Wata masaniyar tarihi, Luise White, ta buga littafi a 2000 mai suna Speaking with Vampires, a kan jita-jitar da ta yaɗu a Gabashin Afirka da Tsakiyarta zamanin mulkin mallaka, cewa 'yan kwana-kwana da 'yan sanda suna kama mutane su zuƙe musu jini don Turawa. Mutanen da ake tatsar ƙarfinsu ne suka sami hanyar faɗin abin da ke cin su. Amma irin wannan zance in ya kama gari, ma'aikacin lafiya ne ke shan jifa. A yau da mace mai naƙuda ke iya rasa ranta don 'yan uwanta suna tsoron ba da jini, marubucin da ya zana likitan asibitin garinsu yana sayar wa dodanni jini bai fi wanda ya zana tsohuwar bayan layi ba. Duka biyun sun ba taron jama'a adireshi.

To me nake nema? Yaya mai goro ya yi gaskiya a abu ɗaya, muna da kayan aiki kuma muna zaune a kansu. Roye Okupe, ɗan Legas, ya ɗauki tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya gina Malika a kansa, littafin zane, kuma a 2021 kamfaninsa YouNeek ya ƙulla yarjejeniya da Dark Horse ɗin nan dai da ya buga Fray. Marguerite Abouet ta sa unguwar Yopougon ta Abijan a hannun masu karatu na duniya tun 2005 da Aya. A ƙasar nan muna da masu zane irin su Hector Sonon. Mu masu Hausa muna bakin tasha muna gardamar wane ne asali wane ne reshe. A cikin masu zanen allon shago da bayan manyan motoci a garin nan akwai yaran da hannunsu ya isa, marubuci kawai suke jira.

A rubuto mana Parakou ta shekara 200 nan gaba. Kasuwar Arzeke ta zama bene hawa hamsin, 'yan zemijan suna shawagi a sama da rigunansu, watakila ma a lokacin layin dogon da ya tsaya mana a nan ya isa Yamai. A sa ƙanƙarar maita a ciki, a sa kurwa, a sa Sarkin Mayu in ana so, a ba mu tsoro har mu kasa fita fitsari da dare. Sharaɗina guda ne. Kafin marubuci ya miƙa wa mai zane takardarsa, ya tambayi kansa: in yaro ɗan shekara 15 ya gama karanta wannan, ƙaninsa kuma ya kwanta da zazzaɓi a daren, ƙofar wa zai nufa? In amsar ita ce ƙofar wata tsohuwa, ko ta wata mai jego, ko ta ma'aikacin asibiti, a yaga a sake.

Littafin yana wurin mai shayi, na bar shi a ƙarƙashin gwangwanin madara. Wanda zai mayar mini da martani ya karanta shi tukuna har shafin ƙarshe, ya dawo da shi ba tabon miya.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.